Takardun Malam Tambaya

A shekarar da aka ba da mulkin kai Modibbo Hamma na Bauranya ya fara haɗuwa da tsohon Baturen nan, limamin coci, da ke zaune a bayan garin Kankiya. Sunansa Rabaran Hedili, amma ba mai kiransa haka. Malam Tambaya ake ce mashi, don ko "ina gajiya" ka yi mashi yana iya tsare ka da tambayar mece ce gajiya.

Ran nan Modibbo ya kawo bijimi kasuwa. Baturen ya same shi a gindin tsamiya, ya durƙusa ya gaishe shi kamar ɗan gari, ya ce ya ji labarin ya yi karatu mai zurfi wurin malaman Katsina.

"Modibbo, rai da kurwa da ruhi, abu guda ne ko uku?"

Suna wannan gardama har kasuwa ta watse, bijimi bai sayu ba.

Ashe mutumin fassara yake yi. Littattafan masu hikimar Yunan, waɗanda suka rayu tun kafin Annabi Isa, su yake juyawa zuwa Hausa, da ajami kuma, don malamai su iya karantawa. Manyansa na mishan sun daɗe da sallama shi, tunda bai taɓa kai masu ko mutum guda ba. Shi ma Modibbo bai tsira ba. A Kusada, garin da ke maƙwabtaka da su, har cewa aka yi ya sayar da imaninsa don kofin shayi. Ko a jikinsa. Duk ranar kasuwa yana barandar tsohon, wancan ya karanto jimla, shi ya girgiza kai ya ce Bahaushe ba ya faɗin haka, su yi ta ja. Kalmar adalci kaɗai ta cinye masu damina guda. Shekara goma sha wani abu suna kan wannan aiki.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka shata sabon titi, ya biyo ta tsakiyar gidan tsohon, aka ce sai an rushe shi. Daidai lokacin ciwon ƙirji ya kayar da tsohon, aka kai shi asibiti Katsina. Modibbo kuwa cuta ta shiga garkensa, ya kwana biyu bai leƙa kasuwa ba.

Ranar da ya dawo, Sada mai tsire ya naɗo mashi tsinke biyu don girmamawa. Yana warware takardar ya ga rubutun da ya sani. Mai ya jiƙa ta, yaji ya rufe rabin layi, amma ya karanta. Jimla ce da shi ya gyara da bakinsa.

"Sada, ina ka samo wannan?"

"Gidan Malam Tambaya, Allah gafarta malam. Buhu guda aka ba ni kyauta. Masu ƙosai ma sun ɗiba."

Modibbo bai san sa'ad da ya isa gidan ba. Ya tarar da wani matashin Bature da mishan suka aiko yana sa leburori lodi. Firji, rediyo, kujeru, kowanne an lulluɓe shi da bargo.

"Takardun tsohon fa?" in ji Modibbo.

"Na addini mun ɗauka. Sauran zancen arnan dā ne, ba aikinmu ba ne."

"Ka karanta su?"

"Ban iya ajami ba."

"Ba ka karanta ba, ka yanke masu hukunci. Kujera ka rufe ta da bargo kada ta ƙuje, aikin da mutum ya ƙarar da ganinsa a kai ka ba mahauci. Mai shi ma bai mutu ba, kuna rabon gadonsa."

Matashin ya dubi agogo, ya ce wa direba ya tayar da mota.

Modibbo ya bi kasuwa rumfa rumfa, da rawaninsa da furfurarsa, yana roƙon mata masu tuya su ba shi takardun naɗi. Wasu suka ba shi, wasu suka yi dariya, wata ta ce da nata ta hura wuta. Abin da ya tara bai kai sulusi ba, kuma babu shafi uku da ke bin juna.

Ya hau mota zuwa Katsina. Ya samu tsohon ya rame, ana shirin mayar da shi ƙasarsu. Bayan gaisuwa, abin da tsohon ya fara tambaya shi ne ko an adana takardun. Modibbo bai iya ƙarya ba, ya faɗa mashi komai, har tsiren.

Tsohon ya dubi rufi. Ya ce, "Ka yafe masu, Modibbo. Yaro ne, bai sani ba."

Wannan ta fi ƙona ran Modibbo a kan duk abin da ya wuce.

"Kai ka yafe naka, Malam. Rabin aikin nan nawa ne, ni ban yafe ba."

Tsohon ya kama hannunsa, ya riƙe. Kafin kaka labari ya iso Kankiya cewa ya rasu a Ingila. Modibbo ya gwada rubuto abin da ya ɓata da ka, amma bai san Yunananci ba, kuma babu wanda zai karanto mashi jimla ya musa. Littafin bai taɓa fitowa ba.