Sakin Bakin Ƙofa

Ban taɓa ganin mutumin da yake son tsarin mulki kamar shugaban ofishin 'yan sandan unguwarmu ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa na tsani jin kalmar kamarsa ba. Sashe ake ce masa a bayan idonsa, don ba ya buɗe baki sai ya ce sashe na kaza ya ce kaza.

Yayana mai ɗaukar hoto ne. Ya ɗauki hoton sabuwar gadar da ta tsage tun ba a gama shafa mata fenti ba, hoton ya yi yawo a wayoyin mutane, wani babba ya ji haushi. Da safe aka zo shagonsa aka tafi da shi. A lokacin Innarmu tana kwance, ƙodarta ta gaza, likita ya riga ya ce mu kai ta gida mu yi ta addu'a. Ba ta cin abinci, ba ta tambayar komai sai abu ɗaya: ina babban ɗanta?

Na je wurin Sashe ina kuka. Ya ba ni kujera, har da ruwan sanyi.

"Kwantar da hankalinki, ƙanwata," in ji shi. "Tsarin mulki ya yanka wa'adi. Duk wanda aka kama, ko a kai shi kotu kafin wa'adin ya cika, ko a sake shi. Ni kuwa ban taɓa ƙetare shi ba. Jibi da hantsi ki zo."

Wallahi har godiya na yi wa mutumin nan. Na durƙusa.

Ranar na zo da wuri na tsaya a bakin ƙofa. Aka fito da Yaya. Aka ba shi takalmansa, aka ba shi agogonsa da bel ɗinsa, Sashe da kansa ya miƙa masa hannu ya ce ya tafi, ba a tsare da shi. Yaya ya sauko daga matakala yana gyara wando, ya ƙetare ƙofar ƙarfe, ya ɗago kai ya gan ni. Sai wani sajan mai ƙaton ciki da yake jingine da bango yana sakace ya miƙe, ya kama shi ta ƙugu.

"An kama ka," ya ce, ko sakacen bai cire daga baki ba.

Aka juya da shi, aka karɓe takalma da agogo da bel. Wa'adi ya koma sabo.

Ashe haka suke yi, kowa ya sani sai ni. Mai sayar da ruwa a bakin titi ta ce min in daina ɓata hawayena, akwai wani tela a ciki da aka yi ta sakinsa ana sake kama shi har ya daina sa takalman, a hannu yake riƙe su don kada ya wahala da kwancewa.

Na samo lauya, wata mata mai zafin nama. Ta kai ƙara. Alƙali ya tambaya ko an riƙe shi fiye da wa'adi. Sashe ya miƙe cikin kakinsa mai sheƙi ya rantse ba a taɓa ba, kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi tayar min da zuciya ke nan. Aka ɗage zama zuwa wani wata. Lauyar ta ce za mu yi nasara, amma sai a hankali. Inna kuwa ba ta da a hankali.

Na koma ofishin. Na ce, "Ranka ya daɗe, uwarsa tana bakin mutuwa. A haɗa shi da ɗan sanda ya je ya gan ta ya dawo."

Ya girgiza kai kamar abin ya dame shi. "Wannan ikon ba nawa ba ne, na kotu ne. Kowa da hurumin da aka ba shi. In na yi, na taka doka."

Na dubi bakinsa, na tashi na fita.

A hanyar gida dabara ta zo min. In dai sakinsa ake yi, ko na ƙiftawar ido ne, to a wannan ɗan lokacin ba na kowa ba ne. Ranar saki ta gaba na ɗauki tasi. Ni da matar Yaya muka ciccibi Inna, ba ta da nauyin kirki, muka jingina ta da matashi a kujerar baya. Na sa direba ya tsaya daf da ƙofar ƙarfe, na buɗe ƙofar motar.

Aka yi abin da aka saba. Takalma, agogo, musabaha. Yaya ya fito ya hango motar, sai ya ruga. Sajan bai zaci gudu ba, kafin ya ɗaga cikinsa daga bango Yaya ya durƙusa a gefen mota ya kama hannun Inna.

Ta shafa kansa, ta shafa gemun da ya tara. Ta ce ya rame. Sannan ta yunƙura, ita da ba ta iya juyawa da kanta, ta matsa ta yi masa wuri.

"Shigo mu tafi gida."

Sajan ya riga ya iso. Yana tsaye a bayan Yaya, yatsunsa cikin bel ɗin Yaya ta inda Inna ba za ta gani ba, yana haki.

"Inna, ku yi gaba," in ji Yaya. "Zan ɗauko kayana. Ina nan tafe."

"To kada ka daɗe." Ta juyo gare ni. "Auta, muna zuwa ki ɗora masa ruwan wanka."

Na ɗora. In ta tambaya in ce ya yi zafi, ta ce to kada ya huce. Haka na yi ta mayar da tukunyar kan wuta har la'asar, lokacin da ta daina tambaya.

Jibin ranar aka sake shi da hantsi kamar kullum. Ni na je na faɗa masa rasuwar Inna a bakin ƙofa, ina magana da sauri don sajan ya riga ya taso.