Motar da Ta Ƙi Lalacewa

Tun zamanin mahaifinsa, a ƙofar gidan Maccido mai fataucin fata ne magidantan unguwa ke zama bayan sallar la'asar a Illela. Akwai inuwar durumi, akwai tabarmi, akwai furar da matarsa Hindatu ke aikowa. Ba wanda ya naɗa shi shugaban wannan zama, amma idan gardama ta yi tsawo, shi ke yanke ta.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, taubashinsa Lukmanu ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni ya sayo mota a hannun wani Bafaranshe da ke ɗaure kaya zai koma gida. Baƙa ce, sitiyarinta a hagu, gefen da bai dace da hanyoyinmu na lokacin ba. Agogonta na lissafin tafiya ya cika ya koma farko, har ya sake yin nisa. Da kanta ta shigo gari, ta tsaya a ƙofar gidan Lukmanu, daga ranar kuma ta ɗauki tsayuwa a matsayin babban aikinta.

Maccido ya je yi masa murna, kamar yadda zumunci ya wajabta.

"Taubashi, wagga mota ta, ko akurkin kaji na?" in ji shi.

"Hau ka ji kujera, bawana," in ji Lukmanu. "Amma kakkaɓe rigarka tukuna, warin hwata take yi."

Maccido ya yi dariya ya koma gida, ya tabbata cikin ransa abin ba zai yi ƙarko ba. Bai yi kuskure game da motar ba. Game da mutane ya yi kuskure. Kullum la'asar sai a taru a ƙofar Lukmanu, a ɗaga murfin inji a kewaye shi. Ma'aruf tela ya dage kafireto ne, Yari mahauci ya rantse batir ne, alhali babu ɗayansu da ya taɓa riƙe sitiyari. Idan direban babbar mota ya biyo zai tsallaka iyaka, sai a tsayar da shi ya ɗaure wani abu, motar ta yi tari, a tura ta har bakin kasuwa, a sake turo ta gida, kowa na gumi yana jin ya yi aiki. Lukmanu ya sayi jak da sifana, ya sa aka haƙa rami don a riƙa shiga ƙarƙashinta. Kafin damina ta wuce, babu mai zama a gindin durumi sai mai durumin.

"Malam, in rage damun hura?" Hindatu ta tambaye shi.

"Dama kamar kullum."

Ta dama, ƙwarya ta riƙa komawa cikin gida a cike.

Maccido mutum ne mai tsari, saboda haka hassadarsa ma da tsari ta zo. Ya tafi Sakkwato, ya ɗauki makanike, suka duba motoci har suka dace da ta wani Bature likita da ya ajiye aiki. Ita ma ta tsufa, ta ci hanya fiye da ta Lukmanu, amma ba a taɓa barinta da ƙishin ruwa ko baƙin mai ba. Ya koyi tuƙi. Ya koyi duba ruwan lagireto da safe, da goge fulogi, da juye mai kafin ya yi kauri. Ya yi mata rumfar zana.

Ranar da ya kawo ta, jama'a suka zo, suka yi Allah ya sa alheri. Yari ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya rasa abin da zai zarga. Aka taɓa makulli, ta tashi. Aka kashe, aka sake taɓawa, ta sake tashi. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka tuna an bar ta Lukmanu a kan jak.

Daga nan masu buƙata suka fara sallama. A ƙasarmu mai abin hawa ba ya hana mara lafiya ko mai zuwa gaisuwar mutuwa. Haka dokar take a kan jaki da doki, kuma ta hau kan mota ba tare da gyara ba. Jaɓɓo makiyayi ya zo, maciji ya sari ƙanensa a Garu. Naƙuda ta yi wa wata tsanani a Amarawa. An yi rasuwa a Kalmalo, tsofaffi ba su iya tafiyar ƙasa. Wanda bai san hanyar gidan Maccido ba, Lukmanu ke nuna masa.

"Tahi wurin bawana, tashi lahiya lau take. Ni ka ga halin da nike ciki."

La'asar ta riƙa samun Maccido a kan hanya. Idan ya wuce, sai magidantan su ɗago kai daga cikin injin Lukmanu su ɗaga masa hannu da girmamawa, irin wadda ake yi wa baƙo.

Wata safiya ya shiga rumfar, ya zare wata 'yar waya daga injin, ya jefa a aljihu. Ya bar labari ya zaga gari cewa motar Maccido ta ƙi tashi. Ya sa aka share gindin durumi, aka shimfiɗa tabarmi.

Suka zo kuwa, ba wanda ya rage. Ma'aruf ya ce kafireto ne. Yari ya ce da ma ya ga alamun batir tun ranar farko. Maccido ya zauna a wurinsa yana girgiza kai da baƙin ciki, rabonsa da jin daɗi irin wannan ya manta.

Lukmanu ne ya iso daga baya. Ya leƙa injin, ya goge hannu.

"Mi muka jira? Nan ba jak, ba rami. Ku kama mu kai ta gidana."

"Ku bar ta nan," in ji Maccido. "Ba sauri nike ba."

"Haba, Malam," in ji Yari. "Kai da kullum kake hidimar jama'a, yau mu bar ka? Kunya ta hana. Shiga ka riƙe sitiyari."

Ya taɓa wayar da ke aljihunsa, ya janye hannu. Ya shiga, suka tura shi ta tsakiyar unguwa, ya karkata sitiyari da hannunsa zuwa ƙofar taubashinsa, aka tsayar da ita a kan ramin. Ya fito ya tsaya yana lissafi: idan ya mayar da wayar, gobe yana kan hanyar Garu, idan bai mayar ba, nan motar za ta zauna, da ita da mutanen.

Lukmanu ya matsa masa a gefen tabarma.

"Zamna, bawana, ka hwaɗa muna yadda ciwon nata ya soma."

Maccido ya tattare rigarsa ya zauna. Ya ce tun a hanyar Kalmalo ya fara jin wata 'yar ƙara.