Lambar da ke Jikin Kuben Milutin

"Ajiye miyar nan, Desanka, ki kawo ƙwandalar dinari ɗaya. Ba a ba da wuƙa kyauta, kin sani."

Desanka ta tsaya a bakin gadon da kwanon miyar wake a hannu. Radoje, dattijon maƙwabcinta, ya rame har zoben matarsa marigayiya yana yawo a ɗan yatsansa, amma bakin nan nasa yana nan daram. A unguwarsu wuƙar kyauta tana yanke zumunci, ko uwa ɗaya kuke sai ka biya wani abu.

"Wace wuƙa kuma? Likita ya ce ka ci abinci, ba ciniki ba."

Ya nuna wani tawul da ke naɗe a gefen matashinsa.

Shekara arba'in Radoje ya yi yana duba tsofaffin wuƙaƙen soja a ɗakin ƙasa na gidansa. Daga garuruwa irin su Niš da Čačak mutane ke zuwa da gadon kakanninsu. Ya juya wuƙa, ya goga farce a kan lambarta, sai ya ce, "Ta gaske ce," ko kuma, "Kai wa matarka ta yanka albasa." Bai taɓa sassauta wa kowa ba, har ɗan limamin coci ya kora da jabu. Desanka, da ke kai masa gahawa kowace safiya, ta ji karatun har ta haddace: tsohuwar lamba santsi gare ta, sabuwar bugawa kuwa kama farce take yi.

Ita ma tana da nata. Da aka ɗauki ƙanenta Milutin soja a yaƙin 1991, abin da ya dawo gida kuben wuƙarsa ne kawai, babu wuƙar, babu shi. Wuƙar soja da kubenta lamba ɗaya ake buga musu, tasa 40718. Ran nan Radoje ya ce, "In dai tana duniya, zan kawo miki ita." Tun daga lokacin duk Lahadi yana kasuwar 'yan gwanjo, kowace wuƙa ya ɗauka lambar yake fara dubawa.

Ta warware tawul ɗin. Huɗu, sifili, bakwai, ɗaya, takwas. Ta zauna a bakin gadon.

"Ina ka samo ta?"

"Wani direba ya kawo daga Šabac. Kada ki ishe ni da tambaya, maƙwabciya."

Ba ta yi niyya ba, wallahi, hannunta ne ya saba. Farcen babban yatsanta ya bi ta kan lambar, ya sarƙe a bakwai, ya sake sarƙewa a takwas. Nan take ta tuna ƙwanƙwasar da ta riƙa ji daga ɗakin ƙasa makonni biyu da suka wuce, ranar da likita ya gaya masa gaskiya cewa ba zai tashi ba. Ce mata ya yi kujera yake gyarawa.

Ta ɗago ta dube shi. Ya ƙura wa silin ido, kunnuwansa sun yi ja. Kai, mutumin nan! Shekara arba'in yana tsare sunansa, ga shi ya zubar da shi da hannunsa, don kada ya tafi ya bar ta tana jira. Tausayi ya kama ta har ya fi zafin Milutin.

"To?" ya ce, bai juyo ba. "Me farcenki ya ce?"

"Santsi, Radoje. Ta gaske ce."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ta ɗaga masa kai ta ba shi ruwa.

"Shekara talatin ina koya miki," ya ce da ya sami numfashi, "ashe ba ki koyi komai ba."

"Malamin ne ba shi da kirki. Ungo kuɗinka."

Ta laluba aljihun rigarta, ta sa masa dinarin a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. Ranar ya sha cokali huɗu na miyar, yana mitar gishiri ya yi kaɗan.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, tana zaune kusa da shi tana ɓare tafarnuwa. Da matan unguwa suka zo shirya shi, an sami dinarin a ƙarƙashin matashi. Desanka ta karɓa ta zura a aljihun kwat ɗin da aka sa masa, tun da ba a sallamar mamaci hannu wofi.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta sauke kuben daga ƙarƙashin hoton Milutin, ta share ƙurarsa da gefen ɗankwalinta. Wuƙar ta shige sumul, ta yi ƙas a ƙarshe. Ta mayar ta rataye, ta ƙara mai a 'yar fitilar da ke gaban hoton. A kan tebur kofuna biyu na gahawa ne ta zuba da safe saboda sabo, ɗaya ya huce ba a taɓa shi ba.