Kunnuwan Uban Ƙasa

Oom Stoffel ya tsoma busasshen burodinsa cikin gahawa ke nan sai ya ji takun manyan takalma a kan tsakuwa.

"Hettie, kin samo madarar?" ya tambaya, bai ko waiwaya ba.

"Kai! Tashi tsaye!"

Ba muryar matarsa ba ce. 'Yan sanda biyu ne a kansa: wani sajan mai tumbi da gumi, da wata kofur siririya wadda tuni ta rufe fuska da hularta. Oom Stoffel mutum ne mai ladabi, sai ya ajiye kofi ya yunƙura. Kofur ta leƙo ta gefen hula, ta kurma ihu.

"Zauna! Zauna, Baba!"

Ya koma ya zauna. Ban da malafa babu komai a jikinsa, kamar yadda ya saba a bakin kowane ruwa shekara talatin da 'yan kai. Shi ne shugaban ƙungiyar masu shan iska tsirara ta yankinsu, can kusa da Brits a Afirka ta Kudu, kuma bai ga dalilin da zai sa dokar ƙungiya ta tsaya a kan iyaka ba. Shi da matarsa, Tannie Hettie, sun ratso ƙasar nan a tsohuwar a-kori-kurarsu, suka sami wannan lungu na bakin tafki, babu kowa sai tsuntsaye da duwatsu.

Sajan Kalumbi ya buɗe baki zai karanto laifin tsiraici, sai idonsa ya sauka kan atamfar da tsohon ya shimfiɗa a dutse ya zauna a kai. Bakin ya tsaya a buɗe.

"Kofur Mutinta," ya ce a hankali, "zo ki duba min. Wannan kunnen wa ne?"

"Ni ba zan duba ba, Sajan."

"Ba nasa ba! Na ƙasa!"

Ta duba da ido ɗaya. A gefen cinyar tsohon ta dama, ga kunne a zane a kan atamfa. A gefen hagu, ga ɗaya. Ta baya kuma, daidai inda ƙashin baya ya ƙare, ga tsinin hular damisa da kowane jariri a ƙasar ya sani. Sauran fuskar ba ta ganuwa.

"Wayyo ni," in ji Kofur. "Uban Ƙasa ne."

"Tashi!" Sajan ya daka tsawa.

Oom Stoffel ya yunƙura.

"Zauna!" in ji Kofur.

"Yarana, ku tsai da magana ɗaya," in ji shi. "Gwiwoyina ba na saurayi ba ne."

Yadda abin ya faru ba wuya. Doka ta farko a ƙungiya, wadda Oom Stoffel ya rubuta da hannunsa a ƙofar shiga, ita ce ba a zama a ko'ina sai a kan tawul. Mutum ya tuɓe, amma ya zauna da tsabta. To, tawul ɗinsu suna can rataye a igiyar shanya a masaukin da suka baro shekaranjiya. Jiya da yamma ya shiga kasuwa neman madadi, tabarau kuwa yana mota. Wata mata ta miƙo masa atamfa a ninke, kore da rawaya, ta ce ita ake yayi. Da safen nan ya warware, ya ga wani ƙaton da'ira a tsakiya, ya ɗauka kabewa ce.

"Kabewa?" Sajan ya kama kansa. "Kar ka sake faɗa! Ban ji ba. Kofur, kin ji?"

"Ban ji komai ba, Sajan."

Nan Tannie Hettie ta gangaro daga hanya da gwangwanin madara. Doguwar riga ce a jikinta, don ita ba ta zuwa wajen mota haka nan. Ta dubi 'yan sanda, ta dubi mijinta, ta dubi kunnuwan.

"Stoffel, wa ka zaune wa a kai?"

"Da kin kwaso tawul ɗin nan, da ba a kai ga haka ba."

"Ni? Wa ya ce bari su ƙara bushewa?"

"Mama," Sajan ya katse su, "kin san hukuncin wulaƙanta hoton Uban Ƙasa? Shekara bakwai. Wani malamin makaranta a garin nan ƙuda kawai ya kashe a kan hoton, har yau yana ciki. Kuma yau, yau ɗin nan, Uban Ƙasa da kansa zai zo buɗe sabuwar kasuwar kifi, ga ta can bayan wancan dutsen. Mu aka turo share bakin ruwa."

Shekara bakwai. Oom Stoffel ya ture kofin gahawar gefe. Ba ma kurkukun ya fara hangowa ba, rigar fursuna ya hango, mai kauri, mai maɓallai har wuya.

Oba-obar da ke ƙugun Sajan ta yi tari. "Kalumbi, Sufeto ne. Me ke nan a wajenka? Oba."

Sajan ya dubi na'urar kamar maciji. Duk ofisoshin 'yan sandan lardin suna jin abin da aka faɗa a cikinta. Wanda ya furta da bakinsa inda fuskar Uban Ƙasa take a halin yanzu, shi ma ya furta ke nan.

"Ranka ya daɗe, akwai... wani dattijo. Oba."

"Yana me? Oba."

"Yana zaune. Oba."

"A kan me? Oba."

Gumi ya ɗigo daga hancin Sajan. "A kan... lamari, ranka ya daɗe. Oba."

"Ga ni nan zuwa."

Sajan ya zube a kan tsakuwa. "Shi ke nan. In na kama shi, sai na faɗa a gaban alƙali. In ban kama shi ba, na ɓoye laifi. A yankina abin ya faru. Baba, da ni da kai ɗaki ɗaya za a sa mu."

"Ni ba na kwana da kaya fa," in ji Oom Stoffel, don ya ga ya kamata mutumin ya sani.

Tannie Hettie ta ajiye madara. Ta yi shekaru tana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, ta saba da maza masu ruɗewa. Ta juya wajen Kofur.

"'Yata, jiya a kasuwa na ga mata sun fi ɗari da atamfar nan. Fuskar kuwa daidai mazaunai take faɗawa. Na ga wata ƙatuwa ta zauna a kan buhun gawayi da ita. Su ba a kama su?"

"Haba Mama! Ai su ɗaurawa suka yi."

"To?"

"Ɗaurawa kishin ƙasa ne. Shimfiɗawa ita ce cin amana."

"Ko da an zauna?"

"In a ɗaure take, Uban Ƙasa ne ya rufa miki asiri. In a shimfiɗe take, ke kika danne shi. A makaranta ma an koya mana."

Sajan ya ɗago kai sannu a hankali. Daga can saman hanya aka fara jin kukan mota.

"Baba," ya ce, muryarsa ta koma ta mai roƙo, "kar ka tashi. Kamo wancan gefen, ka kamo wannan, ka ƙulla a cibiya. Shi ke nan, ɗaurawa ka yi tun safe, ta ɗan kwance ne."

Oom Stoffel ya harɗe hannuwa a ƙirji. "A'a."

"A'a?"

"Ban taɓa rufe jikina a bakin ruwa ba. Bara na kori Frikkie daga ƙungiya saboda gajeren wando, ga shi ƙanin matata. Ya ce sanyi yake ji, na ce doka doka ce. Yanzu ni in ɗaura zane?"

"Oom, don Allah!" in ji Kofur, ta ma ari kalmar da mutanensa ke kiran kawu da ita.

Motar ta tsaya. Aka ji an buga ƙofa.

Tannie Hettie ta sunkuya daidai kunnen mijinta. "Stoffel Labuschagne, in suka tafi da kai, gida zan koma ni kaɗai. Ranar Asabar akwai taro. Ka san wa za su zaɓa shugaba? Frikkie. Da wandonsa."

Hannun Oom Stoffel ya kai ga atamfar kafin ta rufe baki. Bai iya ƙulli ba, sai Kofur ta juya baya tana ba da umarni kamar a fareti, Hettie na ja, Sajan ya baza tumbinsa ya tare hanya. Da Sufeto ya zagayo dutsen, abin da ya gani shi ne wani jan tsoho tsaye ƙyam, malafa a ƙirji, zane a ƙugu, fuskar Uban Ƙasa na murmushi daga bayansa, ta ɗan yamutse a hanci.

"Wannan fa? Ina rigarsa? Ina wandonsa?"

Sajan ya ƙame ya sara. "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Kudu. Mun yi mun yi da shi, ya ƙi. Ya ce a ƙasar nan ba abin da zai taɓa fatarsa sai Uban Ƙasa."

Sufeto ya dubi Oom Stoffel. "Gaskiya ne, dattijo?"

Oom Stoffel ba ya ƙarya. Ya yi tunani. "Tun safe dai shi kaɗai ya taɓa ta."

Sufeto ya ciro hankici ya share ido. "Kun gani? Baƙo! 'Yan ƙasa kuwa sai an raba musu kyauta sannan su ɗaura. Kalumbi, sa shi a mota. Layin gaba!"

Kafin azahar Oom Stoffel na kan dandamali a gaban kasuwar kifi, tsakanin matar gwamna da wani bishop. Ƙungiyar mata ta zagaye shi da guɗa, dukkansu da irin zanensa, wata har ta gyara masa ƙulli ta ce na 'yan koyo ne. Aka kawo masa kujerar roba. Ya tsaya yana dube-dube, hannunsa na lalube a kafaɗa inda tawul ke zama. Sajan Kalumbi ya matso.

"Zauna abinka, Baba. A ɗaure take."

Ya zauna a hankali. Iskar tafki ta taso, ta bi ta ƙarƙashin dandamali, ta shige zanen. Oom Stoffel ya ɗan gyara ƙafa. Ya sake gyarawa. Sannan ya karkato wajen matarsa.

"Hettie."

"Mene ne kuma?"

"Abin nan fa iska na shiga."

"To?"

"In an tashi, ki biya kasuwa ki sayo biyu. Marasa fuska." Ya ƙara rage murya. "Kuma kar Frikkie ya ji."

Hankalin Tannie Hettie na can gaban dandamali. Tana kallon mai ɗaukar hoton talabijin, wanda ya gaji da jiran Uban Ƙasa, ya juyo da na'urarsa kansu. Ta gyara wa mijinta malafa, ta ɗaga hannu ta gaida mutanen gida, har da Frikkie.