Ƙanshin Humrar Surayya

"Mayar da wannan, Inna Zuwaira. Ban da jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta," in ji Alkasum.

Dattijuwar da ya ɗauko daga Tsarnawa don ta riƙa yi masa aikin gida ba ta saki kwalbar ba. Suna tsaye a wani shago na kasuwar Konni, ta riga ta zuba omo da soso cikin bokiti.

"To da mi zan wanke ɗakin marigayiya, ɗana?"

"Ba za a wanke shi ba."

Tun da tari ya ɗauke matarsa Surayya, bai bari ruwa ya taɓa ɗakin ba. Ƙanshin humrarta yana nan jikin labule da matashin kai, shi kaɗai ya rage masa. Jabel kuwa warinsa irin na asibitin da ta cika a ciki ne.

"Ɗiyarka can take kwana, rungume da matashin nan," in ji Inna a hankali. "Jiya ina shara na ji ta tana tari."

Alkasum ya daɗe yana kallon kwalbar, idanunsa suka ciko.

"Ɗauko ta, Inna. Ki wanke komai yau, har labulen. Ni zan kai yarinyar likita."