Sallar La'asar a Falon Kawu

Sumani ya daɗe yana tuƙa tasi a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya ga haɗarin mota iri-iri, amma babu ƙarar da ta tsaya masa a ƙirji kamar wadda kan Zaituna ya yi lokacin da ya bugi katangar filin ƙanƙara.

Zaituna ɗiyar Rafia ce, ƙanwarsa da aure ya kai Toronto. A can aka haifi yarinyar, a can ta koyi gudu a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, har ta zama 'yar wasan gaba a hoki, wadda aikinta shi ne ta ratsa abokan hamayya da sanda ta zura ƙwallo a raga. Da aka kafa gasar ƙwararrun mata a Amurka, wata ƙungiya a New York ta ɗauke ta, sai Rafia ta bugo waya ta ce wa yayanta ga amana nan tafe. Tun daga ranar gidansu na titin Grand Concourse ya cika da sanduna da jiƙaƙƙun kayan wasa. Matarsa Damata kan toshe hanci ta ce ko bunsuru ya shigo gidan nan sai ya nemi hanyar fita, Zaituna kuwa ta yi dariya ta mayar mata da Turanci, domin tana jin Hausa sarai amma ba ta cika yin ta ba.

Ran Lahadin da abin ya faru, wata 'yar bayan abokan hamayya ce ta ture ta da kafaɗa. Kanta ya bugi katanga, ta faɗi, hular kwanonta ta karkace, ta ɗan jima a kwance, sannan ta miƙe ta ɗaga sanda, 'yan kallo suka yi tafi. Likitar ƙungiya ta yi mata tambayoyi ta amsa daidai. A mota ta gaya wa kawunta, tana murmushi, cewa kowace 'yar wasa ta haddace waɗannan tambayoyi tun kafin a yi mata su.

Cikin makon ta riƙa sauke labule da rana tsaka. Damata ta yi tuwo da miyar ganyen ayoyo, abin da Zaituna ta fi so, amma ta ɗanɗana kawai ta ture kwanon. Sumani ya gani, ya ce wa kansa gajiya ce.

Ran Alhamis ya dawo gida cin abinci bayan la'asar, ya tarar da ita a falo a kan darduma. Ya zauna a kujera don kada ya gifta ta gabanta. Ta tsaya tsawon lokaci, ta yi ruku'u, ta ɗago, ta sake yin ruku'u, ta sake ɗagowa. Sai ta tsaya cak, hannayenta a sake. Can ta juyo da fuskarta gare shi a tsakiyar salla, abin da bai taɓa ganin baligi ya yi ba.

"Kawu," ta ce, da Hausa, da muryar ƙaramar yarinya, "wace salla nake yi?"

Sumani ya gaya mata la'asar ce. Ta dubi dardumar kamar yau ta fara ganinta, sannan ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Da hankalinta ya dawo, Turancinta ma ya dawo, da sauri kuma. Ta ce rashin barci ne. Ta ce ran Lahadi mai zuwa wata mata daga masu zaɓen tawagar ƙasar Kanada za ta zo kallonta, kuma a shekarunta ba za a sake aiko kowa ba. Ta tuna masa yadda mahaifiyarta ta riƙa kai ta atisaye cikin dusar ƙanƙara tun tana firamare, da yadda mutane suka yi ta gulmar Rafia a kan hakan. Sannan ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa wa kowa ba, Kawu."

Ya ce ya yi alkawari. Kalmar ta fita kafin ya auna ta.

Bai gaya wa Damata ba, amma ita ma tana da ido. Aikinta kula da tsofaffi ne a wani gida a unguwar University Heights, kuma washegari da safe, tana ɗaura ɗankwali, ta ce masa ta ji ana cewa kan da bai warke ba idan ya sake buguwa ba lallai mai shi ya tashi ba. Ta ce akwai wani tsohon ɗan dambe da take ba abinci a baki, 'ya'yansa suna zuwa yana tambayarsu ko su wane ne. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana biyun da suka biyo baya Sumani ya yi tuƙi kamar wanda aka ɗora wa dutse. Idan fasinja ya rufe ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, ya sake jin ƙarar katangar. Yakan ɗauki waya don ya kira Rafia, sai ya tuna ya ba da alkawari, ya mayar da ita aljihu. Ko wane gefe ya juya, amana ce zai ci: ta uwar ko ta ɗiyar.

Ran Lahadi da azahar ya kai Zaituna Brooklyn, inda za a yi wasan. A kan gada rana ta haska ruwa, Zaituna ta rufe ido da hannu har suka sauka. A filin wasa ya tsaya a bayan gilashi yana kallon 'yan wasa suna motsa jiki. Zaituna ta fi kowa sauri. Ta lanƙwasa jiki ta zagaya raga kamar tsuntsuwa, har ya fara gaya wa kansa ai ta warke. Sai wata abokiyar wasanta ta wuce ta goge ta da kafaɗa, gogar wasa kawai, ya ga Zaituna ta kai hannu ta riƙe katanga, ta tsaya tana kallon ƙanƙara irin kallon da ta yi wa dardumar.

Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi wurin likitar ba. Turancinsa na tasi ne, bai san sunan ciwon ba. Ya ce mata yarinyar nan tana salla kullum tun tana ƙarama, ko cikin barci aka tashe ta za ta yi ba kuskure, amma ran Alhamis ta tsaya a tsakiya ba ta san wacce take yi ba. Likitar ta dube shi, ba ta nemi ya yi mata bayanin salla ba. Ta juya ta nufi kociya.

Aka kira Zaituna gefe. Sumani ya ga tana girgiza kai, tana magana da hannu, sannan likitar ta nuna inda yake tsaye. Zaituna ta ɗago ta dube shi ta cikin gilashin. Bai kau da kai ba, ko da yake ya so. A can sama, matar da ta zo daga Kanada, cikin jar riga, ta tambayi na kusa da ita wani abu, ta gyaɗa kai, ta mayar da ido kan sauran 'yan wasa.

Da za su koma gida, Zaituna ta buɗe ƙofar baya ta zauna inda fasinja ke zama. Likitar ta ce sai an duba kanta a asibiti, kuma ba za ta sake taka ƙanƙara a wannan kakar wasa ba. Ta gaba kuwa, ba ta yi alkawari ba.

Da magariba ta yi, ya ji Zaituna a falo tana ce wa Damata, a hankali, ta zo ta tsaya kusa da ita don ta riƙa bin ta. Sumani ya tsaya a bakin ƙofa da butarsa a hannu, bai shiga ba. Yana sauraron motsin mata biyun a kan darduma, yana jira ya ji ko za su kai sallama tare.