Yaren Kaka Kulu

Tun da ciwo ya shanye wa Kaka Kulu ɓarin jiki, magana ta ƙwace mata, sai 'yan sautuka suka rage a bakinta. Duk gidan nan na Wurno ba mai gane su sai jikarta Safara'u, wadda ta zo wankan jego ta sauka a ɗakinta. A zaman nan suka ƙulla yarensu. In Kaka ta ja "aaa" ta ɗaga shi sama, ruwa take so. In ta sauke shi ƙasa, a juya ta ne. "Mm" gajere sau biyu, fura.

Sai ga saƙo daga garin Rabah cewa mijin Safara'u, Mu'azu, masinjan hukumar En'e, zai zo ɗaukarta ranar kasuwa. Hankalin Safara'u ya koma kan Tani, matar yayanta, wadda za ta karɓi jinyar. Ko jiya Kaka ta nemi a juya ta, Tani ta kawo mata moɗa.

Da hantsi Safara'u ta ɗauki gawayi ta ja Tani gaban bango. Ta yi zane mai hawa, ta zana moɗa kusa da shi. Ta yi mai gangarowa, ta zana tabarma. Ɗigo biyu, ludayi.

"Yaya Tani, ki bi muryar da ido. Inda tah hau, zanen ya hau."

"Ni da ko allo ban ƙare ba, yau ni ka karatun bango?" Tani ta yi dariya. "Kaka, ki ji jikarki ta zama malama."

Kaka ta harare ta, ta ja "aaa" ta sauke shi ƙasa. Tani ta dubi bango, ta juya ta a hankali. Tsohuwar ta lumshe ido.

Kwanakin da suka rage Safara'u ta danne zuciyarta ta bar musu ɗakin, tana jiyo su daga tsakar gida.

Ranar tafiya ta shiga sallama da goyo a baya. Kaka ta yi wani sauti mai rawa a maƙogwaro, wanda Safara'u ba ta taɓa ji ba. Ta dubi bango, sai ta ga wani karkataccen zane a ƙasa, ba da hannunta ba.

"Mi taka so?"

"Wanga namu na," in ji Tani, ta tura ta gefe da kafaɗa. "Ƙafa ka yi mata sanyi."

Ta durƙusa ta ja zane ta rufe ƙafafun Kaka. Safara'u ta gyara goyonta ta fita.